Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Hana Cron Tayar Da Aiki A Kan Lokaci?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu take a Kaduna, mai kula da sabar Debian, wani nau'in Linux. Ya ce fayil ɗin umarnin da ya rubuta don ɗaukar kwafin ajiya yana aiki lafiya lau idan ya kunna shi da hannu, amma da ya danƙa wa cron, wato manhajar da ke tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, don ya riƙa tashi ƙarfe 2 na dare, sai gari ya waye ba komai. Injiniya, ina matsalar take?

Injiniya: To malam, kafin ka taɓa komai, gano ɗayan biyu: cron ne bai tayar da aikin ba, ko kuwa ya tayar aikin ya mutu a hanya? Rubuta journalctl -u cron, ko grep CRON /var/log/syslog in kana da wannan fayil. Idan sunan aikinka bai fito a lokacin da ka sa ba, duba systemctl status cron ka ga ko yana raye, sannan crontab -l, mai nuna jadawalin ayyukanka, ka ƙirga gurabe biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Ƙarfe 2 na dare shi ne 0 2 * * *. Wanda ya juya su ya rubuta 2 0 ya nemi sha biyun dare da minti 2 ke nan.

Amma tunda da hannu yana aiki, na fi zargin ya tashi ya mutu. Dalili kuwa, cron ba ya karanta fayilolin saitinka na .bashrc ko .profile. A al'ada PATH ɗinsa, wato jerin foldojin da yake neman manhaja a ciki, /usr/bin ne da /bin kawai, don haka duk manhajar da ke /usr/local/bin ba zai gan ta ba. Da /bin/sh yake aiki, wanda a Debian dash ne ba bash ba, kuma daga foldar gidan mai asusun yake farawa, ba daga inda fayil ɗinka yake ba. Saboda haka rubuta cikakken adireshin kowace manhaja da kowane fayil, umarnin which zai nuna maka shi. Sa #!/bin/bash a layin farko na fayil ɗin umarninka, ka yi chmod +x. Sai ka ƙara >> /tmp/ajiya.log 2>&1 a ƙarshen layin crontab, ka mai da lokacin * * * * * na ɗan lokaci. Cikin minti ɗaya kuskuren zai fito a rubuce, ba sai ka jira dare ba.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu kwafin ajiya: alamar %. A crontab, sabon layi take nufi, don haka date +%F zai yanke umarninka gida biyu. Rubuta \% ko ka mai da wannan ɓangaren cikin fayil ɗin.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce ta ajiye ajiya.sh a /etc/cron.daily, foldar ayyukan kullum, shiru.

Injiniya: Malama, ɗigon nan ne. A Debian da Ubuntu, run-parts, mai tayar da fayilolin wannan folda, yana tsallake duk fayil mai ɗigo a sunansa. Mai da sunan ajiya kawai, ki gwada run-parts --test /etc/cron.daily, in ya fito a jerin, zai tashi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Zariya: aikin wani lokaci yana makara da awa guda, wani lokaci ba ya tashi sam, kuma ana yawan ɗauke musu wuta.

Injiniya: Makarar awa guda agogo ne. Wataƙila sabar na kan UTC, wato agogon duniya, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da awa 1. Duba timedatectl, ka yi timedatectl set-timezone Africa/Lagos, sannan ka sake tayar da cron don ya ɗauki sabon lokacin. Batun wuta kuwa, cron ba ya ramuwa: in na'ura na kashe lokacin ya wuce, aikin ranar ya tafi. Ka sa anacron, wanda ke gudanar da aikin da aka rasa bayan an kunna na'ura, ko ka koma agogon systemd ka rubuta Persistent=true tare da OnCalendar.