Tsayuwar Doki: Aikin da Ƙafa Ke Yi Ba Tare da Ta Motsa Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, iyayen da suka rako yaransu, da ku ƙannena masu fararen kaya, sannunku da zuwa.

Na san da yawanku naushi da harbin iska ne suka kawo ku wannan fage. To yau a kan abin da kuka fi ƙi zan yi magana, wato tsayuwar doki. Mutanen Sin suna kiranta mabu; ma shi ne doki, bu kuma taku. A karate na Japan sunanta kiba-dachi, 'yan taekwondo na Koriya kuma su ce juchum seogi. Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah ba sai an yi mana dogon bayani ba. Dubi mahayi a kan sirdi: ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, baya a miƙe. Cire dokin ka bar shi a haka. Ita ke nan.

Ba jiya aka fara ta ba. A wurin ibadar Shaolin da ke lardin Henan, wanda aka gina wajen shekarar 495, akwai wani zaure da daɓensa ya lotsa wuri-wuri, ana cewa sawun masu atisaye ne na shekara da shekaru. A kudancin Sin, masu salon kung fu na Hung Gar, salon da gwanin faɗa Wong Fei-hung na Foshan ya yi suna da shi, sun shahara da barin sabon ɗalibi a wannan tsayuwa tsawon watanni kafin a nuna masa wani abin kirki. Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate birnin Tokyo daga Okinawa a 1922, ya bar mana Tekki, jerin motsin da ake yin sa a cikin wannan tsayuwa, ana tafiya gefe da gefe kamar ƙaguwa.

Me ya sa duk suka dage a kanta? Saboda naushi ba daga hannu yake fitowa ba. Daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafa, ya ratsa ƙugu, sannan ya isa dunƙule. Ku tambayi duk ɗan kokawar da ya san hannunsa, zai gaya muku wanda ya tsaya tsaye ƙiƙam shi ake fara kayarwa.

Ga yadda ake yi, ku duba ni. Buɗe ƙafa kamar faɗin kafaɗarka sau biyu. Yatsu su kalli gaba, tafin ƙafa duka a ƙasa, diddige kada ya ɗaga. Sai ka sauka kamar za ka zauna a kujerar da babu ita. Gwiwa ta bi inda yatsu suka kalla, ka tura ta waje. Kada ka turo ɗuwawu baya, kada ka rusuna.

Wannan maganar gwiwa, don Allah ku riƙe ta, domin ni na sha wuyarta. Ina saurayi, burina kawai in fi kowa daɗewa. Ina cikin tsayuwa gwiwoyina sun faɗa ciki suna neman haɗuwa, ni kuwa idona na kan agogon bango. Na cika minti biyar, aka tafa mini. Bayan 'yan makonni sai da ta kai ko sujada zan yi sai na dafa ƙasa a hankali, gefen gwiwar dama kamar ana soka mini allura. Da na warke, malamina ya ɗauko sanda ya ɗora mini a kan cinyoyi, ya ce da zarar ta gangaro in miƙe, lokacina ya ƙare. Ko daƙiƙa 40 ban kai ba. Ashe duk minti biyar ɗin nan rataye nake a kan jijiyoyin gwiwa, cinya ba ta yin komai.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne tsoka tana aiki ba tare da gaɓa ta motsa ba. Tsokar gaban cinya ce ke ɗauke da nauyin, ta ɗuwawu tana riƙe gwiwa a waje, ta matsematsi kuma tana miƙewa tana buɗewa. Shi ya sa ƙarfi da laushin ƙugu suke zuwa tare. Zafin da za ku ji a cinya da rawar da ƙafa za ta kama yi, ba komai, aikin ne. Amma zafi mai suka a cikin gwiwa, wannan ka tashi nan take, ba jarumta ba ce.

Kuma ku sani, ƙarfin da ake samu a irin wannan tsayuwa marar motsi ya fi yawa a daidai lanƙwasar da aka saba da ita. Don haka wata rana ku yi ta sama-sama, wata rana ku sauka sosai, ku kuma riƙa tafiya a cikinta hagu da dama. Numfashi kada ya tsaya. Riƙe shi yana sa jini ya hau. Baba da ke can baya ya tambaye ni ɗazu ko shi ma zai iya. Baba, za ku iya, amma in akwai hawan jini ko tsohon ciwon gwiwa, a fara jin ta bakin likita, kuma kada ku sauka ƙasa sosai.

Mai farawa ya ɗumama jiki tukuna, sannan ya yi daƙiƙa 20 zuwa 30, ya huta, ya maimaita sau uku ko huɗu. Kwana uku a mako ya isa, cinya na bukatar hutu kafin tsamin ya sake ta. In sati ya zagayo ka ƙara daƙiƙa 5 ko 10, muddin sandar ba ta faɗo ba.

To, a ture tabarmin nan gefe. Kowa ya nemi abokinsa, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya zuba ido a kan gwiwarsa. Kai mai baƙin ɗamara, miƙo mini sandar can. Bismillah, a sauka.