Karayar ƙashin wuya: faleti ko sandar ƙarfe?

Assalamu alaikum jama'ar Katsina. Taɓa nan ƙasan wuyanka, wannan ƙashin da ya miƙe zuwa kafaɗa, shi ne yawanci ke karyewa in mutum ya faɗo daga babur ya dira a kan kafaɗa, kuma galibi a tsakiya yake tsinkewa.

Toh ba kowace karaya ake yi wa aiki ba fa. In ƙashin bai goce ba, rataye hannu kawai ake yi a wuya, babba ya warke cikin sati 6 zuwa 12. Matsalar ita ce in ya goce sosai, ko ya hau kan juna har ya gajarce kamar santimita 2, ko ya tokare fata yana neman hudowa, ko ya taɓa jijiya. Nan likitan ƙashi zai kawo maganar tiyata, kuma nan ne jan da mai ɗori zai yi ba zai riƙe shi ba wallahi, don wurin ba ya ɗauruwa kamar ƙafa.

Tiyatar hanya biyu ce. Hanya ta farko faleti ne, ƙarfe mai faɗi a shimfiɗa kan ƙashin a ɗaure da kusoshi. Shi ya fi riƙo, musamman in ƙashin ya farfashe gutsi-gutsi. Amma yankan da tsawo, kuma da yake ba nama sosai a wurin mutum siriri zai riƙa jin ƙarfen in ya rataya jaka, wasu fatar ƙasan ɗinkin ta yi musu dundum kamar ba tasu ba, har daga baya su koma a cire.

Ta biyu siririyar sanda ce ake zura ta cikin ɓargon ƙashin. Yanka kaɗan, tabo kaɗan, sai dai ta fi dacewa da karaya gida biyu tsaf, tana iya zamewa ta dami fata, kuma yawanci sai an sake shiga an zare ta.

In ka tambaye ni, ba kai za ka zaɓa don gudun tabo ba, hoton ƙashin ne zai nuna. Ka kai shi asibitin Amadi Rimi da ke Batagarawa ko asibitin ƙashi na Dala a Kano likita ya duba. Masu shan sigari kuma ku ajiye ta tukuna, tana hana ƙashi haɗewa ko da ƙarfe a jiki.