Yaron da Karatu Ke Ba Wuya: Ta Ina Za a Faro Masa?

Ku dubi yaron nan da ke ƙarshen benci a wani ajin SIL, wato ajin farko na firamare, a Garwa ta arewacin Kamaru. Shekararsa 6. A gida Hausa yake ji, a kasuwa Fulatanci, ya shigo aji malam ya tare shi da Faransanci. Kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda: sabon harshe da sabon baƙi. Sai ka ji an ce daƙiƙi ne, alhali da asuba ya biya allonsa ba gargada.

Faransancin ma da nasa tarkon. Sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau. Harafin c kuwa yau "k", gobe "s". Babba ma sai ya yi turus.

To, a fara da kunne kafin ido. A kira sunan yaro ana tafi: A-mi-na, tafi uku. Mu-sa, tafi biyu. Sai a ce wa zai kawo kalmar da ta fara da "m"? Wani ya ce masara, wani ya ce mangwaro. Nan malam zai samu gada, don mangwaro da mangue bakinsu ɗaya, haka tumatir da tomate. Yaro ya ga ashe ba da hannu wofi ya shigo ajin ba.

Daga nan a tara marafan kwalba, a rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowanne: mo, to, ma, te. A zube masa su. Ya ɗauki mo ya jera da to, ga moto. Ya cire mo, ya ƙara ma da te a bayan to, ga tomate. Ku lura da fuskarsa a lokacin. Shi ya gina kalmar da hannunsa, ba zai yarda a ƙwace masa ba.

Mai rikita b da d kuma, a fita da shi waje ya zana su manya-manya a yashi yana furtawa. In ya kuskure, ƙafa ta share, ba jan biro.

Iyaye mata, tatsuniyarku ta dare ma darasi ce. In Gizo ya shiga tarko, ku tsaya nan, ku ce me zai faru? Abin da yaron ya faɗa, yayarsa ta rubuta jimla ɗaya, gobe ya karanta maganar bakinsa.

Bulala dai a ajiye ta. Yaron da ke hangen dorina ba ya ganin harafi. Kuma minti 10 zuwa 15 sun isa, balle a zafin Afrilu. In an yi watanni ba motsi, a kai shi asibiti a duba ido da kunne.

Gobe in kun aike shi shago ya dawo da sabulu, kada ku yar da takardar. Ku ce ya nemo muku s a jikin savon.