Amsoshin Tambayoyinku: Cire wa Triumph TR6 Kafireta a Sa Mata Injekta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko daga wani makanike ce a Kaduna. Ya ce an kawo masa tsohuwar mota Triumph TR6 wadda aka yi don kasuwar Amurka, mai kafireta biyu, mai ita kuma yana so a mayar da ita mai injekta irin ta Ingila. Me zai nema, kuma ta ina zai fara?

To Malam, mun gode da wasiƙa. TR6 inji ɗaya gare ta, silinda shida, lita 2.5, amma kashi biyu aka yi ta. Wadda aka sayar a Ingila ta zo da injektar kamfanin Lucas, ƙarfin doki 150, daga 1973 aka rage shi zuwa 125. Ta Amurka kuwa, saboda dokokin hayaƙi na can, kafiretar Zenith-Stromberg biyu aka ɗaura mata, ƙarfinta ɗari da 'yan kai.

Injektar Lucas ɗin nan ba ta da kwamfuta ko kaɗan. Famfon lantarki ne a but yake turo fetur da matsi na psi (ma'aunin matsi) 106 zuwa 110, alhali kafireta psi biyu zuwa uku ya ishe ta. Akwai bawul mai tsare wannan matsi, rarar ya mayar da ita tanki. Man ya isa akwatin rabo, mai raba wa kowace silinda nata, wanda ke juyawa tare da distirbuta da rabin gudun inji. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai kai da komo, nisan tafiyarsa shi ne yawan man da kowace nozul za ta samu, ita kuma sai matsi ya kai kamar psi 50 take buɗewa. Abin da ke tsara nisan nan kuwa zuƙar iskar inji ce kawai.

Nan ne gizo ke saƙar. Akwatin rabo ba ya sanin komai sai zuƙa. In bawul ɗin inji na yoyo, ko ringi ya cinye, zuƙa ta yi rauni, sai ya ɗauka an taka totur ne, ya yi ta ɗura mai, fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi ta hayaƙi. Saboda haka kafin ka kwance noti ko ɗaya, auna matsin silinda shidan da geji, ka daidaita bawul. Sannan kamshaf: kowane akwati an saita shi ne da irin kamshaf ɗinsa, na mai doki 150 daban, na mai 125 daban, na Amurka na shekarun farko kuma ya fi su laushi. Matsin injin ma haka, wato ninki nawa fistin ke matse iska, na Ingila 9.5 ne, na Amurka 8.5, daga baya har ƙasa da haka. Wanda ya ɗora injekta ya bar waɗannan biyu yadda suke ya yi asarar kuɗi, ba zai ga dokin da yake nema ba. Ka kuma gwada tazarar ramukan shigar iska na tof silinda, domin na wasu motocin Amurka na farko bai dace da manifol ɗin injekta ba.

Kaya kuwa, shawararmu ka saye su jimla daga mota ɗaya: manifol uku masu ƙofofin totur shida da sandunansu, tulun iska, mazaunin distirbuta mai juya akwatin rabo, akwatin kansa, nozul shida da bututunsu, famfo, bawul ɗin matsi, filta, wayar cok mai reshe biyu, da tanki mai hanyar dawowar mai. Tsohon tiyon kafireta kada ka bar ko taku ɗaya, ba zai ɗauki wannan matsi ba, gobara ce.

Fara daga baya. Haɗa tanki, filta da famfo, ka ja wa famfon waya mai kauri ta rile, ka sa geji ka tabbatar da matsin kafin ka taɓa wani saiti. Sai ka ɗaura akwatin bisa lokacin da littafin motar ya faɗa, bututun kuma su bi tsarin wuta 1-5-3-6-2-4. Zaro nozul ɗaya-ɗaya ka riƙe ta cikin kwalba, nesa da fulogi, a yi sitata har iska ta fita. Feshi mai kyau kamar hazo yake. Wadda ke ɗiga, canja ta. Daga ƙarshe ka daidaita ƙofofin nan shida su riƙa shan iska daidai a silo. Aikin haƙuri ne, ya kan ci yini.

Wani mai sauraro kuma ya rubuto cewa tasa TR6 mai injekta tana mutuwa da rana tsaka, famfo na kuka, sai ta huce take tashi. Malam, sanannen ciwon famfon Lucas ke nan, wanda asalinsa injin lantarkin waifa ne aka gina shi a kai. In ya yi zafi fetur ya kan zama tururi a cikinsa, matsi ya faɗi. A Ingila ma yana yi, balle a zafinmu na bazara. Mafi yawa famfon Bosch suke sawa. A ɗaura shi ƙasa da tanki, da tiyo mai faɗi da babban filta, domin gwanin turawa ne, ba gwanin zuƙa ba. Kada kuma a bar tanki ya yi ƙasa sosai, don man da ke dawowa da ɗuminsa yake dawowa.

Ya ƙara da cewa baƙin mansa na ƙaruwa, yana warin fetur. Kada ka sake tayar da ita. Robobin da ke tsakanin akwatin rabo da mazaunin distirbuta ne suka mutu, fetur na gangarawa cikin inji. Duba ɗan ramin da ke jikin mazaunin, in yana jiƙe an gano. Sa robobin Viton masu jure man zamani, ka juye baƙin mai da filtarsa, sannan ka kunna.