Wadannin Ƙarƙashin Dutse da Hakkin Guminsu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Mai gabatarwa ya ce in taƙaita, na ce masa to, amma shi ma ya san halina. (dariya)

Maganarmu yau a kan wadanni ce, wadannin tatsuniya, waɗannan masu dogon gemu da gatari da yaranmu ke gani a finafinai da wasannin kwamfuta. Ba 'yan uwanmu da Allah ya halitta gajeru nake nufi ba, a kiyaye. Abubuwa huɗu zan taɓo: asalinsu, sana'arsu, yadda suke zama a junansu, da yadda marubutan zamani suka sāke musu kama.

Na farko, asali. Yawancin abin da ake da shi ya fito ne daga tsibirin Aislan, can ƙurewar arewacin Turai. Wani attajiri, ɗan siyasa kuma mawaƙi mai suna Snorri Sturluson, wanda aka haifa a 1179 aka kashe shi a 1241, shi ya tattara labaran kakanninsa wajen 1220 a littafin da ake kira Edda. Shi kansa Kirista ne, don ƙasar ta bar bautar gumaka tun wajen shekara ta 1000. Ya rubuta ne don matasan mawaƙa su gane azancin tsofaffin waƙoƙi. Saboda haka Malam da ke gyara zama can, kwantar da hankalinka, tatsuniya muke yi. (dariya) A cewar littafin, da gumakan suka kashe wani basamude mai suna Imir, suka gina duniya da gawarsa, sai wadanni suka ɓullo cikin namansa a matsayin tsutsotsi, daga baya aka ba su hankali da siffar mutane. Mazauninsu cikin ƙasa da cikin duwatsu. Ƙoƙon kan Imir shi ne sama, kuma wadanni huɗu ke tallafe da shi, sunayensu Gabas, Yamma, Kudu da Arewa. Ku riƙe wannan: tun ranar farko dako aka ɗora musu.

Na biyu, sana'a. Nan ne nake so mu ɗan zauna.

Maƙera ne. Kusan duk wani abin alfahari da gumakan nan ke taƙama da shi, wada ne ya ƙera. Labarin ya fara ne da wani shaƙiyyi a cikin gumakan, Loki, wanda don tsabar neman magana ya aske wa matar Tor gashi ƙwal. Tor kuwa shi ne mai ƙarfin cikinsu, mai saurin fushi. Ya damƙe Loki zai kakkarya shi, Loki ya rantse zai samo mata wani gashin. Ya gangara wurin wadanni 'ya'yan Ibaldi, suka ƙera gashin zinariya da zai tsiro a kai tamkar na gaske. Suka ƙara da mashi na Odin, shugaban gumakan, da jirgin ruwa da iska ke bi duk inda ya nufa, wanda in an gama tafiya a naɗe shi a sa a jaka.

Da mai hankali ne sai ya ce na gode ya tafi. Ina! Loki ya tarar da wani wada, Burok, ya ce masa ɗan'uwanka Aitiri ba zai iya ƙera uku kamar waɗannan ba, in ya iya, ga kaina nan ka sare. Kansa fa ya sa a caca.

Suka shiga maƙera. Aitiri ya jefa fatar alade a wuta, ya ce wa Burok riƙe zugazugi, kada ka tsaya sai na dawo. Wanda duk ya taɓa zama a rumfar maƙeri ya san abin da ake faɗa. Maigida na riƙe da awartaki da masaba, idonsa na kan launin ƙarfe, amma ran wutar yana hannun yaron da ke zuga. Ya ɗan yi sanyi, gawayi ya dushe, ƙarfe ya huce kafin a kai shi kan uwar maƙera, aikin ranar ya tashi. Shi ya sa yaron maƙeri kan daɗe yana zuga kafin a bar shi ya taɓa masaba. Wanda ya tsara labarin nan ya san maƙera, ba ji ya yi ba.

To Burok na cikin zuga sai ga wani ƙuda ya sauka a hannunsa ya gantsara masa cizo. Masu sharhi da yawa sun ce Loki ne ya rikiɗa, ni ma haka na gani, don wa zai amfana in ba shi ba? Burok bai tsaya ba. Aka ciro alade mai gashin zinariya, mai gudu a sama da kan teku, mai haska dare. Karo na biyu aka sa zinariya. Ƙudan ya dawo ya cije shi a wuya, ninki biyu na farko. Bai tsaya ba. Aka ciro zobe wanda duk dare na tara yake zubo da wasu zobba takwas masu nauyinsa. Hajiya na ga kin ɗago kai. Ba a sayarwa. (dariya)

Karo na uku aka sa baƙin ƙarfe. Aitiri ya ce wannan karon in ka tsaya komai ya lalace. Ƙudan ya sauka tsakanin idanunsa ya cije fatar ido, jini ya rufe masa gani. Sai ya ɗaga hannu sau ɗaya, sau ɗaya tak, ya kore shi. Da aka ciro aikin, guduma ce, amma ƙotarta ta yi gajarta. Gudumar Tor ke nan da kuke gani a fim. In an jefa ta ba ta kuskure, kuma sai ta dawo hannun mai ita. Aibinta ɗaya, gajeriyar ƙota, kuma dalilin shi ne ƙiftawar ido guda ta mai zuga. Jama'a, ƙiftawa guda. An ciji mutum har sau uku yana kan aikin wani, kuma abin da aka riƙe a kansa shi ne ƙota ta gaza.

Aka kai kaya shida gaban alƙalai uku daga cikin gumakan, Odin da Tor da Firai. Suka ce guduma ta fi duka, don da ita za su kare kansu daga samudawan ƙanƙara. Burok ya ci. Ya ce a ba ni kai. Loki ya ce zan fanshi kaina, ya ce ban yarda ba. Loki ya ranta a na kare, Tor ya kamo shi. Sai ya kawo dabarar da lauyoyinmu za su so: kai naka ne, amma wuya ba ya cikin yarjejeniya, sare kan ba tare da ka taɓa wuyan ba. Gumakan kuma suna zaune, ga zobe, ga alade, ga guduma a hannunsu, ba wanda ya ce uffan. Abin da Burok ya samu shi ne ya ɗauko basillar ɗan'uwansa da igiyar fata ya ɗinke wa Loki baki. Ladan aikin ke nan.

Kuma ba sau ɗaya ba ne. Andabari wada ne mai dukiya, Loki ya kama shi ya ƙwace zinariyarsa kaf. Andabari ya ɓoye ɗan zobe guda, ya roƙa a bar masa don da shi zai sāke tara wata, aka fizge. Sai ya yi baki, ya ce zoben zai zama ajalin duk wanda ya mallake shi, haka kuwa aka yi. Albis kuma ya zo ɗaukar 'yar Tor da ya ce an yi masa alkawari. Tor ya zaunar da shi yana jero masa tambayoyi, yaya ake kiran ƙasa, yaya ake kiran wata, shi kuwa yana amsawa da alfahari har rana ta fito ta same shi a waje, hasken rana kuwa shi ne halakar wada. To in an ce muku wadanni marowata ne, masu riƙo, masu ɓoye sirri, ku tambaya wa ya mayar da su haka. Ni dai a wurina rowar nan ta wanda aka sha cuta ce.

Na uku... a'a, lokaci ya ja, mu tsallaka na huɗu, ko da yake haɗe suke. Tsofaffin labaran ba su damu da zaman gidan wadanni ba, kayansu suke so. Wanda ya fi shahara wajen ba su gari da sarki da zuri'a shi ne Tolkin, malamin jami'ar Okusfod a Ingila, tun daga littafinsa na 1937, The Hobbit. Sunayen wadanninsa, su Torin da Fili da Kili, daga jerin sunaye na wata tsohuwar waƙar Aislan ya kwaso su, har da Gandalf da ya mayar matsafi. Ya raba su gida bakwai, ya ƙirƙira musu harshen da ba sa koya wa bare. Kowanne yana da sunan gaskiya da ba ya faɗa wa wani jinsi, ko a kan kabari ba a rubuta shi. Mutanen da aka saba ƙwace wa kaya, ai...

Na'am? Ba ta makirufo.

(Wata ɗaliba: Malam, tun ɗazu maza kake ta ambata. Su ba su da mata ne?)

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Tambaya ce mai kyau. A tsofaffin waƙoƙin da ƙyar ake jin ɗuriyarsu. Akwai baiti guda da ya ce wasu daga cikin matan da ke yanke wa jarirai ƙaddara 'ya'yan wani wada ne mai suna Dubalin. Shi kuma Tolkin ya ce matan ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na al'ummar ba, ba kasafai suke fita ba, in sun fita kuma, da murya da kama da sutura bare ba ya bambance su da maza. Saboda haka mazan da yawa ba sa aure, wasu ma sana'a ta ɗauke musu hankali, shi ya sa yawansu ba ya ƙaruwa da sauri. Mace ɗaya tak ya ambata da suna, Dis, ƙanwar Torin, mahaifiyar Fili da Kili. Daga nan ne masu karatu suka shiga gardamar ko matan na da gemu. Abin dariyar shi ne, a wurin Snorri, igiyar da wadanni suka tufka aka ɗaure wani ƙaton kyarkeci da ita, cikin kayan haɗinta akwai sautin takun kyanwa, da numfashin kifi, da saiwar dutse, da yawun tsuntsu, da gemun mace. Ya ce shi ya sa ba ka ganin mace da gemu, wadanni sun kwashe. (dariya)

Mai gabatarwa ya miƙe tsaye. Mai tambaya ta biyu, same ni a bakin ƙofa bayan an sallame. Wassalamu alaikum.