Jan Fenti da Awon Igiya: Ina Jami'in Tsara Birni?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wani ma'aikaci ne da akasarinmu ba mu san fuskarsa ba sai ranar da ya iso unguwa da gwangwanin jan fenti, ya zana alama a jikin katanga, ya rubuta a dakata da aiki. Daga nan sai hankalin maigida ya tashi, maƙwabta su fara leƙe, a ce ai 'yan rusau sun zo. Wannan ma'aikaci shi ne jami'in tsara birni, kuma jan fentin nan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ayyukan da ke wuyansa.

Bari mu fara daga lungu. Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a wasu sassan Kurna, ko Rijiyar Lemo, ko Ɗorayi a birnin Kano, ya san yadda ake fama da makara a wata kwanar. Sai an karkata ta, na gaba su ɗaga, na baya su sunkuya, kafin a fito bakin hanya. A irin wannan lungu, idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare, sai an riƙo ta a ƙafa zuwa inda adaidaita sahu ya iya tsayawa. Idan gobara ta tashi, motar 'yan kwana-kwana tana can bakin titi tana jiniya, mutane suna ta fama da bokiti. Mukan ce ƙaddara ce, kuma lallai komai da ƙaddara. Amma faɗin wannan lungu wani ne ya yanke shi, shekaru 20 ko 30 da suka wuce, ranar da wurin yake gonar dawa.

To a ranar ce ake bukatar jami'in tsara birni. Safiyo aikinsa awo da kafa duwatsun iyaka. Mai zanen gini ruwansa da gida ɗaya. Injiniya shi zai faɗi kaurin rodi da ƙarfin kwalbati. Shi kuwa mai tsara birni, shi ne wanda ake biya albashi domin ya yi tunanin mutanen da ba a haifa ba tukuna. Zai duba yawan jama'a da saurin ƙaruwarsu, ya duba inda ƙasa ta gangara domin ya san inda ruwan sama zai bi, sannan ya shata a taswira: nan titi, nan magudanar ruwa, nan makaranta, nan asibiti, nan kasuwa da tasha, nan maƙabarta, can nesa kuma masana'antu, domin kada hayaƙi da dattin majema su haɗu da rijiyar mutane. Bayan ya shata, sai aikin gadi ya biyo baya. Duk mai son gini ya kawo zanensa a duba, a ga tazarar da ya bari tsakaninsa da titi, a ga ko bai shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba, ko gidan man da yake son kafawa bai manne da makarantar yara ba. Abin da ake kira izinin gini ke nan.

Wani zai ce ai wannan duk tsarin Bature ne. A'a. Kanawan dauri sun san shi. Badalar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da filayen noma da kiwo, saboda idan an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci. Kasuwar Kurmi tana da wurinta, marina na Ƙofar Mata suna da nasu. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini kuwa su ne suka riƙa shanye ruwan damina. Yau an cike da yawansu da shara an gina shaguna a kai, an ci badala ta ciki da ta waje, sannan duk watan Agusta muna mamakin inda ruwa ya fito. Ruwa dai ba ya manta hanyarsa. A daminar 2022 ya shiga shagunan Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da dama sun ɗora laifin ne a kan gine-ginen da aka dasa a hanyoyin ruwa.

Ba kuma rashin takarda ba ne matsalarmu. Wani masani mai suna Trevallion ya tsara wa Kano taswirar shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Kaduna ta samu tata a 1967 daga hannun wani masanin mai suna Max Lock. Abuja ma da babbar taswirarta ta 1979 aka fara ta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. A 1988 aka kafa majalisar yi wa masu wannan sana'a rajista, a 1992 aka yi dokar tsara birane da yankuna ta ƙasa, sannan a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Kano hukumar KNUPDA ce ke riƙe da wannan aiki, a Kaduna kuma KASUPDA. Doka akwai, ofis akwai, masu digiri akwai.

Abin da ya faru shi ne gari ya fi takarda sauri. Kano da ake magana a kai a yau ta mamaye ƙananan hukumomi 8, kuma tana ci gaba da lasar gonakin maƙwabtansu. Mu je bayan gari mu ga yadda ake haihuwar unguwa. Manomi ya rasu, magada suna son kuɗi. Dillali ya zo da igiya da turaku da yara biyu. Kafin la'asar an yanka gona gida-gida, an bar 'yar siririyar hanya a tsakiya, domin duk taku ɗaya da aka bari wa hanya, a wurin dillali asara ce. Ba filin makaranta, ba na asibiti, masallaci ma sai wani bawan Allah ya sayi fuloti ya bayar. A rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa, a yi addu'a a watse. Wannan shi ne awon igiya.

Ni dai ba na ganin laifin malamin makarantar da ya tara adashinsa ya sayi irin wannan fili. Ina za shi? Fulotin gwamnati ba ya isa, idan an fitar ma, mun san su wa ke fara samun takardun. Neman izinin gini kuwa, mutum zai yi ta sintiri daga wannan tebur zuwa wancan, a ce masa fayil yana wurin oga, oga kuma ya tafi taro. Idan hanyar halak ta yi tsawo haka, mutane za su bi ta ɓarauniya. Saboda haka babban nauyin da ke kan jami'in tsara birni shi ne ya riga dillali isa gona. Ba lallai sai gwamnati ta ƙwace filin ba. Ya zauna da magada da dagaci, a fitar da tituna da magudanan ruwa da filin makaranta tukuna, saura su sayar da abinsu. Filin da ke da hanya ai ya fi tsada, kowa ya ci riba.

Amma fa su ma jami'an akwai abin da za a faɗa musu. Gini ba ya tsirowa dare ɗaya kamar naman kaza. Ana haƙa harsashi, a kawo yashi tifa-tifa, a jera bulo, a kai linta, duk a gaban idon jama'a. Ina mai duba gine-gine na wannan shiyya yake a duk tsawon watannin nan? Me ya sa sai an yi rufi, an sa tayil, an kawo amarya, sannan jan fenti zai bayyana? Kuma me ya sa wata alamar takan ɓace bayan mako guda, a shafe ta da farin fenti, aiki ya ci gaba kamar ba a yi ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hana mutum yana matakin harsashi asarar 'yan buhunan siminti ce. Rushe masa gida bayan ya tare kuwa, tarin shekarunsa ne aka mayar ɓaraguzai.

Sai kuma matsi daga sama, wanda shi ne ya fi wuyar magana. Filin da taswira ta ce na wasan yara ne, ko harabar makaranta, ko gefen maƙabarta, sai a wayi gari an yanka shi shaguna, da takarda da hatimi. Wani jami'i ne ya zana wannan yankan, wani ya sa hannu. Mun ga inda irin wannan ke kaiwa. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, tana cewa filayen jama'a ne aka cefanar. Masu shagunan suka ce da takardun gwamnatin da ta gabata suka gina, magana ta kai kotu. Ko wane ɓangare mai sauraro yake goyon baya, abu ɗaya ya fito fili: hukuma guda ce, ta ce a gina, ta dawo ta ce a rushe. Gwamna yana da shekara 4, ko 8 idan ya zarce. Jami'in tsara birni yana iya shekara 35 a bakin aiki. Shi ya kamata ya zama ma'ajiyar tunanin gari, ya rubuta a fayil cewa ranka ya daɗe, wannan wuri hanyar ruwa ce, ko da za a mayar da shi wani ofis da ba kowa. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, mutum yana da iyali. Sai dai rajistar da ya yi a matsayin ƙwararre, ma'anarta ke nan.

Akwai kuma sauraro. Taswirar da aka zana a ɗaki mai sanyi ba tare da an tambayi kowa ba, takan haifi kasuwar da aka gina 'yan kasuwa suka ƙi shiga, da gadar masu tafiya a ƙafa da aka kafa nesa da inda mutane ke tsallakawa. Direban adaidaita sahu ya san inda cunkoso ke farawa da ƙarfe 7 na safe. Mai kosai ta san inda jama'a ke taruwa. Tsohon da ya yi shekara 60 a unguwa zai nuna maka inda rafi yake kafin a binne shi. Kafin a amince da tsari, a baje shi a ƙofar gidan hakimi, a yi bayaninsa da Hausa, a ba mutane lokaci su ce ba su yarda ba.

Cikin gari dai an riga an gina, gyaransa sai da diyya mai nauyi, kamar yadda aikin rufe kwarin Jakara ya nuna. Inda sauran dama take shi ne gefen gari: hanyar Gwarzo, hanyar Ɗambatta, ɓangaren Gezawa da Dawakin Kudu, inda har yanzu ake ganin karan dawa tsakanin sababbin katangu. Da an gama girbi dillalai za su fita da igiyoyinsu. Muna so mu ji ko motar hukumar tsara birni za ta riga su zuwa, da taswira a hannu, tun ba a sauke tifar yashi ta farko ba.

Sai mun sake haɗuwa a wani sharhin, a huta lafiya.