Ciwon kan da na yi wata huɗu ina fama da shi a Mancesta

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da safiya, ni dai yanzu na tashi daga aikin dare, bakwai saura ce amma ku kalli sama har yanzu duhu kamar ba a kira assalatu ba, haka Disamba take a Mancesta, rana ba ta leƙowa sai bayan takwas, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi. In kun ga hoton na rawa hannuna ne, sanyi ne wallahi. Kafin bas ɗina ta zo bari in ba ku labarin da na yi alkawari, don da yawanku sun tambaye ni me ya sa na ɓace kwanakin baya.

Ciwon kai ne ya sa ni gaba. Wata huɗu kusan kullum sai na tashi da shi, ba mai sara ba ne, irin wanda za ka ji kamar an naɗa maka rawani an tamke shi sosai, goshi da ƙeya duk sun ɗaure, wuya da kafaɗa sun yi tauri. Ni kuma da halinmu na gida, kai ya motsa a jefa farasitamol biyu a kora da ruwa a ci gaba da harka. A nan ma ba kamar kemis ɗinmu ba ne da za ka ce a ba ka kati goma, a shago fakiti ɗaya ƙwaya 16 ne kuma ba sa sayar maka fiye da fakiti biyu a lokaci ɗaya, to ni wayona sai in saya nan in tsallaka titi in saya can, ina ganin na yi dabara, ashe kaina nake yi wa.

Da na kira Hajiya ta ce jininka ne ya hau, ka rage tunani, ƙanwata ta ce ido ne ka je a ba ka gilashi, wani abokina kuma ya ce in nemi tofi, kowa da tasa. Da ƙyar na samu ganin likita, ta auna jini lafiya lau, ta haska idona, sai ta tambaye ni a wata kwana nawa nake shan maganin ciwo. Na tsaya lissafi na ce ai sai dai ki tambayi kwana nawa ne ban sha ba. Ta ce to ga matsalarka nan. Jama'a ban taɓa sanin haka ba, wai maganin ciwon kai shi kansa yana kawo ciwon kai in ka mayar da shi tuwo. Farasitamol ko ibufurofen in kana sha kwana 15 ko fiye a wata har sama da wata uku, kan zai saba, da maganin ya sake ka sai ciwon ya dawo ka ƙara sha, haka za ka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Masu kodin a ciki su kwana 10 ma sun isa, a jikin kwalinsu ma ana rubuta kar a wuce kwana uku.

Asalin nawa dai na gajiya ne da ɗaurewar jijiyoyin wuya, shi ne wanda ya fi yawa a duniya, kusan kowa ya taɓa yi, yana iya yin rabin awa yana iya yin kwanaki, amma ba ya hana ka aiki. Aikin dare, barcin rana da bai wuce awa huɗu ba saboda hayaniyar maƙwabta, ga karatu a sunkuye gaban laftof, ga kofi kofi huɗu biyar don kar in yi gyangyaɗi, ruwa kuwa sai in wuni ban sha ba tunda a sanyi ƙishi ba ya damunka, hita kuma na ta busar da kai kana zaune. Maganin da na yi ta ɗora masa ne ya mayar da shi na kullum.

Ta ce in daina shan komai tsawon wata ɗaya, ta kuma gaya min gaskiya sai ya ƙara tsanani kafin ya sauka. Kai, satin farko ban ji da daɗi ba, ko sallama aka yi min haushi nake ji. A sati na uku ne na farka wata rana na ji shiru a kaina, har na zauna bakin gado ina jiran ya zo bai zo ba.

Amma fa kar wani ya ji wannan ya ce duk ciwon kai ɗaya ne. Ƙanwar tawa nata daban, ciwon ɓarin kai ne wanda likitoci ke cewa maigiren, gefe ɗaya yake kama ta yana bugawa kamar ana daka a turmi, ga tashin zuciya wani lokaci har amai, ba ta son haske ba ta son ƙara sai ta shige ɗaki ta ja labule, kuma yana iya ɗaukar daga awa 4 har kwana uku. Kafin ya zo wani lokaci takan ga wani walƙiya-walƙiya a idonta na 'yan mintuna, da can a gida har an fara cewa ko iska ce, alhali alama ce tasa da aka sani. Ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, da yawa kuma lokacin al'ada yake taso musu. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake cewa mace raki take yi ko gudun girki, wallahi wanda bai ga mai wannan ciwon a kwance ba ba zai gane ba. Yana da maganinsa na musamman irin su sumatiriftan, in kuma yana yawan zuwa akwai wanda likita ke ɗora mutum a kai kullum don rigakafi. Akwai kuma wani da bai cika yawa ba, ya fi kama maza, a ido ɗaya yake tsayawa kamar an soka ƙusa, idon ya yi ja yana hawaye hanci ya toshe, minti 15 zuwa awa uku, sau da yawa cikin dare a lokaci guda, shi wannan farasitamol ba ya ko gezau da shi, asibiti ne kawai.

Sai na azumi, wannan kowa ya san shi, ranar farko da ta biyu wajen la'asar. Ba yunwa kaɗai ba ce, in ka saba da shayi mai kauri ko kofi ko goro jikinka ne ke neman abinsa, shi ya sa bana tun Sha'aban zan fara ragewa a hankali.

Abin da nake yi yanzu ba wani abin kuɗi ba ne. Gorar ruwan nan da kuke gani sai na shanye biyu kafin in tashi aiki, kofi ɗaya tal a farkon dare, na sayi labule mai kauri da abin toshe kunne, ina ƙoƙarin kwanciya lokaci ɗaya ko ranar hutu ce, ba na tsallake abinci, in na yi rabin awa gaban kwamfuta in miƙe in juya wuya. Sannan ina rubutawa a waya duk ranar da ya zo, me na ci, awa nawa na yi barci, na sha magani ko ban sha ba, a nan na gano ranakun da nake wucewa laccar safe kai tsaye daga aiki su ne matsalata.

Dan Allah ku saurari wannan da kyau. In ciwon kai ya faɗo maka farat ɗaya da ƙarfin da ba ka taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mu 'yan Arewa mun san sanƙarau ba sai an yi mana bayani ba, ko baki ya karkace hannu ya saki magana ta sarƙe, ko bayan ka bugu a kai, ko mai ciki ce kanta ke ciwo tana ganin dishi-dishi, ba maganar kemis ba ce, a nan Ingila lambar gaggawa 999 ake kira, a gida a nufi asibiti ko tsakar dare ne. Ku kuma da kuke zuwa gida hutu ku dawo, in kai da zazzaɓi suka kama ku ku faɗa musu daga Najeriya ko Nijar kuka dawo a gwada maleriya, don su ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba. In kuma duk 'yan gida kai na ciwo lokaci ɗaya, kun fita waje ya lafa, ku zargi boila, wato tukunyar ɗumama ruwa da gida, ko hitar gas, iskar nan mai guba ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutane a gida in an kwana da janareta ko gawayi a ɗaki a rufe.

Yawwa ga bas ɗin can ta shawo kwana, bari in lalubo katina kafin direban nan ya wuce ni kamar jiya, sai mun haɗu.